Tishin Zinnira

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Makarantar haddar su Zinnira ta fito da sabon salo: kullum 'yata ta yi tishin izu biyu a gida, babba ya saurare ta. Ranar 15 za a gwada su, wanda ya faɗi ba ya cikin 'yan saukar bana. Matata Bilki ta miƙo min Alƙur'ani wai in riƙa dubawa. Ni? Na ce mata mayar. Na haddace tun malaman nasu suna tsotson yatsa, kowa a Kabo ya sani.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ina taka keken ɗinki tana karantawa. Na gyara mata wuri uku a A'arafi. Ta ce, “Baba, anya?” Na ce anya me? Yaran yanzu!

Laraba, 8 ga Oktoba

Wuri huɗu yau. Ta fara in-ina a inda da take wucewa kamar ruwa. Wayar uwarta ce ke cinye mata kai, na faɗa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ta dawo ido jawur. Malama Murja ta tsayar da ita sau bakwai, ta ce ta ɗebo ayoyin Baƙara ta zuba a A'arafi, wa ya koya mata wannan kwamacala? Na ce, “To me kika ce?” Ta ce, “Na ce ni ce ban yi tishi ba.” Har share aji aka sa ta. Bilki kuwa sai wani tari take yi a madafa, tarin da na san ba na mura ba ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na buɗe A'arafi a shago, don kawai in ga kalar bugun. Innalillahi. Duk bakwai ɗin nawa ne. Shekara sha tara rabona da tishi, ashe Alaramman da ake ce min suna kawai ya rage. Kunya ta hana ni cin tuwo.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na saurare ta da littafi a buɗe, yatsa a kan layi. Na ce ido nake motsawa. Muka kwance ɓarnar ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko ɗago ta kalle ni ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ta ci! Gyara ɗaya tak, shi ma da ƙyar in ba nawa ba ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Bayan la'asar na ba ta Alƙur'anin, na ce riƙe, zan ja izu guda, don ta koyi yadda ake sauraren ɗalibi, ba wani abu ba. Ta tsayar da ni sau goma sha huɗu. Kowanne sai ta ce, “Baba, yi haƙuri, koma baya kaɗan.” Na koma.

Na ce gobe ma ta zo, ba ta gama ƙwarewa ba.