Ƙofar da Yaya Ya Faɗaɗa wa Mama

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in zama mahaukaciyar gidanmu, don sunan da ya rage a sa mini ke nan.

Mamanmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, a keke take. Ni ce mai wanka, ni ce mai juya ta, ni ce mai wankin zanen gado. Ban ce na gaji ba. Da can idan za a kai ta asibiti sai mun ɗauko ta ranga-ranga har bakin titi, don ƙofar gidan ba ta cin mota. Babban yayanmu magini ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ya ce zai faɗaɗa ƙofar mota ta riƙa shiga har gaban ɗakinta. Kowa ya sa masa albarka, har da ni.

Amma ina tsaye ya yi aikin. Ginshiƙin kankare da ke gefen tsohuwar ƙofar ya fasa shi, wai ya tare hanya. Lintar da ke saman ƙofa, wato kankaren da ke riƙe da bulon sama, bai canja ta ba, sai ya zuba sabuwa ya haɗa bakinta da tsohuwar, mahaɗin ya faɗo a tsakiyar ƙofa. Bangon da ya rage a gefe bai fi faɗin kafaɗata ba, a jikin wannan bulon kuma ya rataya ƙyauren ƙarfe mai nauyin tsiya.

Yanzu in hadari ya taso, iska ta bugi ƙyauren, da idona nake ganin bangon yana numfashi. Tsaga ta fito daga kusurwar ƙofar ta yi sama a karkace. Kuma a nan Mama ke zama kowace la'asar, don nan ne take ganin masu wucewa suna gaishe ta. In na tura kekenta wani wuri sai ta yi ta hawaye.

Na yi wa Yaya magana cikin ladabi a gaban 'yan gida. Ya yi dariya, ya ce yaushe na fara riƙe cokalin gini ban gaya masa ba. Washegari ya zo ya cike tsagar da siminti, ya shafa fenti. Ta dawo. Da na ce a kira injiniya, sai gida ya kama da wuta. A gidanmu ba a taɓa sa wani magini na waje ya taɓa bango ba, tun zamanin Baba. Matarsa ta daina amsa gaisuwata. Ƙanwata ta ce ina wa Mama mugun fata. Su da suke leƙowa da ledar lemo su tafi, su ne masu ƙaunarta. Ni da ke ƙarƙashin bangon tare da ita, ni ce mai baƙin baki.

Anti, in yi shiru ne?

Wadda ake kira Mai Baƙin Baki

'Yar uwa,

Kada ki yi shiru. Abin da kika kwatanta ba tsagar shafe ba ce. Linta aikinta ta ɗauki nauyin da ke saman ƙofa ta sauke shi a gefe biyu, saboda haka guda ɗaya ake so, ta hau bango sosai dama da hagu. Wadda aka haɗa a tsakiya, an sa rauninta daidai inda nauyi ya fi yi mata yawa. Siririn bulo kuwa yana iya jure abin da ya danne shi daga sama, amma ba ya jure turi daga gefe, kuma faffaɗan ƙyaure duk iskar da ya tara, a jikin bulon yake juye ta. Fenti ba ya gyara wannan.

Yau ɗin nan ki ɗauke Mama daga wurin. Hawayenta sun fi sauƙi. Nema mata wata inuwar da za ta ga titi, kuma a hana kowa tsayawa a ƙofar idan iska ta taso. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa. Daga nan injiniya ya zo ya gani da idonsa, don ni daga wasiƙa nake magana. Mai yiwuwa ya ce a tokare lintar, a sauke ƙyauren, a zuba ginshiƙai masu rodi tun daga tushe, a ɗaure su da sabuwar linta.

Amma ki yi wa Yayanku adalci. Mota na shiga har gaban ɗakin Mama saboda shi. Kuma mutumin da ya dawo washegari ya cike tsaga, ya gan ta, ta kuma dame shi. Kin faɗa masa kuskurensa gida na ji, shi ya sa ya kafe. Ki same shi shi kaɗai, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa. Ki ce injiniya zai duba ne kawai, aikin kuwa hannunsa zai yi. Haka al'adar gidanku ba ta karye ba.

In ya ƙi duk da haka, ki kira injiniyan. Fushin yaya yana hucewa, ana kuma gaisawa bayansa.

Ɗacin da ke ranki ba na bango ba ne kaɗai, na ji shi. Ki raba wa masu ledar lemo kwanakin jinya, a fili.

Allah ya ba Mama lafiya, ya sa ta daɗe tana amsa gaisuwar masu wucewa a inuwar da ba ta motsi.