Na Bar Shan Maganina Saboda Ganyen Marke

Anti Ikilima, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci.

A Jiwa nake, mijina ya rasu, yara sun watse. Autata tana jami'a, tana bincike kan ganyen marke, bishiyar da babanta ya hana a sare a bayan gidanmu. Da can sai a yi wata ba ta kira ni ba. Da aikin nan ya taso, kullum waya. Ni nake tsinko mata ganyen, in shanya a inuwa don ta ce rana tana ɓata shi, in daka, in ba direba ya kai mata.

Ran nan ta kira tana ta murna. Wai ta ɗiga ruwan ganyen a wani ruwa mai launin shunayya, ya koma rawaya, alamar yana da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Anti, na yi kuka don daɗi. Ina da hawan jini, sai na ajiye ƙwayoyin asibiti, na koma dafa marke ina sha safe da yamma. Idan ina sha, ji nake kamar tana zaune kusa da ni.

Yanzu kaina yana sarawa, jiri ya taɓa kayar da ni a bakin rijiya, ba wanda ya gani. Ban gaya mata ba. Ina tsoron ta ji kamar na ce aikinta ƙarya ne. Kuma idan maganar ganye ta ƙare, me za ta kira ni ta ce?

Uwa mai jiran waya, Jiwa

Mama, yau ɗin nan, kafin komai, ki je asibiti a auna jininki, ki faɗa wa likita kin daina shan magani da abin da kike sha a madadinsa. Kada ki tafi ke kaɗai, ki nemi maƙwabciya. Jiri da ciwon kai ga mai hawan jini ba abin jira ba ne.

Aikin 'yarki ba ƙarya ba ne. Kin san yadda doyar da aka fere take yin duhu idan ta sha iska? Ganyaye da dama suna da sinadaran da ke rage irin wannan lalacewa, su take aunawa. Amma abin da ya faru a kwalbar gwaji matakin farko ne kawai. Bai nuna ganyen yana saukar da jini ba, bai faɗi yawan da ciki da ƙoda za su ɗauka ba. Ita kanta za ta gaya miki haka.

Ban wanke ta gaba ɗaya ba, ya kamata ta riƙa tambayar lafiyarki, ba ganye kaɗai ba. Sai dai ke ma kin ɓoye mata. Yarinyar da ta fara kiran uwarta da gwajinta ya yi kyau, ba marke kaɗai take nema a gidan nan ba.

Kada ki jira wayarta. Daga asibiti ki kira ta da kanki, ki ce kin faɗi, ki ce kina kewarta. Allah ya ba ki lafiya, Mama, ya sa ki halarci bikin kammala karatunta da ƙafafunki.

Anti Ikilima