Idanun da Inna Ke Gani a Gilashi

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga 'yata Mufida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Kakarki Inna Kulu tana gaishe ki, tana tambaya ko abincin makarantar kwana ya ramar da ke.

Mutane da yawa suna ɗauka kifi ba shi da zuciya, yawonsa kawai yake yi a ruwa. Akwatin gilashin da kika bar mana amana ya nuna mana ba haka ba ne. Kin san Magaji, karfasan nan naki da ya girma cikin jajayen kifayen adonki bai taɓa cizon kowa ba. Inna ta daɗe tana cewa alhaki ne a ajiye gwauro a gida, ko da kifi ne. Ina aji wajen ɗalibaina ta hau adaidaita zuwa kasuwar Tarauni, ta sayo masa mace mai rai a bokiti, ta raɗa mata Amarya. Har alawa ta raba wa maƙwabta, wai an ɗaura aure.

Tun daga nan gilashin ya sauya. Jikin Magaji ya yi duhu, wuyansa ya yi ja. Kowace safiya sai mu tarar da rami a yashin ƙasan ruwan, zagayayye sumul kamar an danna kwano an ɗauke. In na baje shi, gobe ya dawo a wurin da yake. Jajayen suka koma maƙalewa a lungu da yagaggun wutsiyoyi. Jiya na tsamo ɗaya a mace, babu ido ko ɗaya. Ki yi haƙuri.

Na cire Magaji na sa shi a babban baho, na rufe da raga. Na jera fasassun tukwane a gilashin don sauran su sami maɓoya. Ki riƙe wannan: ba a haɗa namiji da mace a ƙaramin wuri sai an shirya wa faɗa. Amarya ta daina cin abinci, haɓarta ta kumbura, ina jin dukansa ne.

Ki dage da karatu. Taki har kullum,
Goggo Sadiya.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

'Yata Mufida,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, kuma ke ba yarinya ba ce da zan ɓoye miki.

Inna ta fara ganin abin da babu mai gani. Bayan azahar takan shimfiɗa tabarma gaban gilashin da carbinta. Ta ce idan gida ya yi tsit, wasu ƙananan idanu suna fitowa cikin ruwan, baƙaƙe, da yawan gaske, su jeru suna kallonta. Da ta ƙwala mini kira na taho, babu komai sai Amarya a lungu, bakinta a rufe. Haka aka yi ta yi. Ranar Laraba na same ta tana yi musu magana a hankali, tana cewa kada su ji tsoro.

Abbanki, Yaya Lawan, kin san ma'aikacin jinya ne, ya sha ganin tsofaffi sun fara da irin wannan. Ya ce ruɗewar tsufa ce. Ya yanke shawara ranar Asabar zai ɗauke ta zuwa gidanku na Darmanawa, daga nan a kai ta wajen likita. Inna kuwa ta ce daga ɗakin da aka kawo ta tana amarya sai makara.

Shekaranjiya aka ɗauke wuta, injin kumfa mai hura wa kifayen iska ya yi shiru. Na zauna bayan Inna ina duba aikin ɗalibai, har na manta da kaina. Ina ɗaga kai, Mufida, na gan su. Kamar hayaƙi ne ya tsaya a tsakiyar ruwa, kuma kowane ɗigo na hayaƙin da idanunsa biyu. Biro ya faɗi daga hannuna. Kafin ya gama gangarawa, hayaƙin ya dunƙule ya shige bakin Amarya.

'Ya'yanta ne. Irin wannan karfasa a baki take renon ƙwanta, shi ya hana ta cin abinci, kuma da ƙasa ta girgiza sai su gudu ciki. Na makara wajen raba auren. Na kira Yaya Lawan na gaya masa, ya ce ya gane ina rufa wa Inna asiri ne don kada a raba mu. Ya ce in haɗa mata kaya.

Ki sa mu a addu'a. Taki,
Goggo Sadiya.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

'Yata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya shirin jarrabawa? Allah ya ba da sa'a.

Abbanki ya zo da mota kamar yadda ya ce. Akwatin Inna yana zaure, ita tana kan tabarmarta, ta ƙi kallon kowa. Na roƙe shi abu ɗaya, ya cire takalmi ya zauna kusa da mahaifiyarsa har a kira la'asar, in bai ga komai ba ni zan saka akwatin a mota da hannuna. Na kashe injin kumfa, na kwashe jajayen don kada su tsorata uwar.

Kin san Abbanki da zama wuri ɗaya. Ya duba agogo, ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ƙafarsa tana kaɗawa. Amarya tana lungu kamar dutse. Na ji ladan yana hura lasifika, ana dab da kiran la'asar. Sai Inna, ba tare da ta juya ba, ta ɗora tafinta a gwiwarsa ta danne. Ƙafar ta tsaya.

Bakin Amarya ya buɗe a hankali. Suka fito, suka bazu, suka matso jikin gilashin daidai fuskarsa. Abbanki ya yi a'uziyya da ƙarfi ya ja da baya har ya ture buta, nan take ruwan ya koma wayam. Inna ta tambaye shi me ya gani, don ita ba ta ga komai ba, ko a kira masa likita. Ya daɗe da kansa a sunkuye, sannan ya tashi ya ɗauko akwatin daga zaure ya mayar ƙarƙashin gadonta.

Da sun yi ƙwari zan kai su wajen wani mai kiwon kifi a Hotoro, domin in suka girma a nan sai sun cinye juna. Amma hutunku ya kusa, ƙila ki riske su. Ki sauka nan kafin ki wuce gida, ki bar takalminki a zaure, ki zauna gefen Inna ki yi shiru. Ina gaya miki tun yanzu, ko da kin san mene ne, tsigar jikinki sai ta tashi.

Ki gaida ƙawayenki. Mai ƙaunarki,
Goggo Sadiya.