Tukunyar Mutum Goma a Gidan Mutum Uku

Anti, don girman Allah ki taimake ni, dankalin turawa na neman raba ni da hankalina. Kada ki yi dariya, ko da yake ni ma da wata ce ta ba ni labarin nan, da na yi har da hawaye.

Maigidana makanike ne. Shekara talatin da ɗaya yana shugabantar garejin manyan motoci, har ciwon baya ya sa ya ajiye aiki bara. Tun ranar da ya dawo da akwatin kayan aikinsa ya samu kujerar bakin taga ya liƙe mata. Mutum mai surutu da tsokana ya koma sai na yi tambaya uku kafin in samu “uhm” ɗaya. Wata bakwai muna haka. Na ji tsoro, Anti, tsoro na gaske, don ina kallonsa yana ƙarewa a zaune.

Sai ran nan na zame a banɗaki na gurɗe hannu. Autarmu, wadda ita kaɗai ta rage a gabanmu, tana wurin aiki. Kawai sai bawan Allahn nan ya miƙe ya ce shi zai yi girki, ya yi mana miyar naman sa da dankali. Gaskiya ta yi daɗi. Amma ni murnar ganinsa a tsaye ce ta kwashe ni, na shiga zuba yabo ba birki. Na ce tun da aka haife ni ban taɓa cin irinta ba. Har cewa na yi ko kullum za a ba ni ba zan gaji ba. To bakin nan nawa shi ya ja mana.

Yanzu kowace Asabar kicin nasa ne. Zai shimfiɗa tsumma ya jera wuƙaƙe daga babba zuwa ƙarama kamar zai kwance inji. Naman kashi-kashi yake soyawa sai ya yi ja, wai in aka cunkusa shi ruwa zai fitar. Sai albasa, tafarnuwa, tumatir da karas, ya rage wuta, ya ja kujera ya zauna awa biyu yana sauraron tukunya. Wai daga ƙarar tafasa yake gane lafiyarta. Dankalin sai can ƙarshe yake shiga, kowane yanka daidai da ɗan uwansa. Na taɓa ɗaga murfin in leƙa, ya yi min kallon da yake yi wa direban da ya taɓa masa inji.

Matsalar ita ce yawa. Mu uku ne, amma abin da yake dafawa ya ishi mutum goma. Mu ci Asabar, mu ci Lahadi, ranar Laraba ma ita ce ke yi min sallama in na buɗe firij. Auta ta koma cewa ta ci a ofis, ƙaryar da ban ga laifinta ba. Na fara rarraba wa maƙwabta a ɓoye. Da farko suna ta godiya, yanzu telar da ke samanmu in ta hango ni da kwano sai ta ce tana sauri. Shi kuwa malamin makarantar da ke ƙasa, don kara, ya tare maigidan a matakala ya yaba masa ƙamshin girkinsa. Washegari sai ga maigidan da sabuwar tukunya, ta fi ta da girma!

Sau ɗaya na gwada. Na ce, “Baban yara, ko wannan satin mu gwada kifi?” Sai ya cire tsumman kafaɗarsa ya koma kujerar taga har la'asar. Da kaina na je na ce wasa nake yi. Kuma wani lokaci in yana zubawa sai in ji yana magana shi kaɗai, wai Dogo da ya ce a ƙara barkono, wai Mai Walda ba ya cin karas. Abokan aikinsa ne na garejin, su tara.

Anti, in na faɗa masa gaskiya ina tsoron kujerar nan ta sake ƙwace min miji. In na yi shiru, dankali zai kashe mu. Ya zan yi?

Wadda Dankali Ya Kai Wa Wuya

*

'Yar uwa,

Na yi dariyar, ki yafe ni. Amma ban ƙarasa wasiƙar ina dariya ba.

Ki fara da sauke laifin daga kanki. Kin ga mijinki ya miƙe bayan wata bakwai, kika yaba fiye da kima, kuma kowace mai son mijinta haka za ta yi. Sai dai ke da Auta kuna da hakki. Ba wanda aka ɗora wa cin abu ɗaya kwana biyar don a zauna lafiya. Rarrabawar ɓoye kuma ki daina ta yau, domin ranar da ya gano da kansa, zafin zai fi na kowace gaskiya da za ki faɗa masa.

Shi ma ki duba ɓangarensa. Su tara, da shi goma, ga kuma tukunyar mutum goma. Mijinki bai kasa awo ba, mutumin da ke daidaita yankan dankali ba zai kasa ƙirga mutum uku ba. Mutanensa yake dafa wa, su ne dai ba sa zuwa. Wataƙila yana jin nauyin kiransu, kada a ce tsohon shugaba ya rasa abin yi.

Don haka kada ki ce masa a rage, ki ce masa a ƙaro masu ci. Ki faɗa masa miyar nan ta fi ƙarfin mutum uku, kuma kina son Dogo ya zo ya faɗi maganar barkonon da bakinsa. In ya yi nauyin baki, ki karɓi lambobin ki kira su da kanki. Ko huɗu suka zo, an fara. In abin ya zauna, a mai da shi sau ɗaya ko biyu a wata.

Sauran Asabar ɗin kuma ki ba shi sabon aiki, amma a matsayin ƙalubale. Ki ce ke kifi kullum farfashe miki yake a tukunya, ko zai duba miki inda matsalar take. Ban taɓa ganin makaniken da aka kawo wa abin da ya ƙi gyaruwa ya juya baya ba. In kuma an yi ragowa, a ɗebi ta ajiya kafin dankali ya shiga, don shi ba ya jure ƙanƙara. Idan duk da haka shirun nan ya dawo ya daɗe, ku ga likita, ba abin kunya ba ne.

Shawara ta ƙarshe: ranar da za su zo, ki ɗebi naki ki ɓoye tun kafin su yi sallama. Makanikai tara ba sa barin komai a tukunya, kuma ina jin ranar Lahadi za ki nemi miyar nan ki rasa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya cika muku gida da baƙi, ya bar ku tare.

Anti