Ni Na Riƙe, Shi Ya Sauke Guduma

Inna Vukosava, don Allah ki taimake ni, ki kuma karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Rubutu ba sana'ata ba ce. Aji takwas na tsaya, walda da gyaran bodin mota na iya. Kwana huɗu ke nan wani abu yana cina a rai, kuma duk wanda na gaya wa a unguwarmu, kafin la'asar maganar ta isa kunnen da bai kamata ba.

Ranar Asabar da safe na je gidan su Tijana, yarinyar da zan aura bayan Kirsimeti. Ranar gasa tattasai ce, za a cika kwalaben hunturu, tsakar gida duk hayaƙi. Aka ce in ɗebo itace a rumfar bayan gida. Ina tura ƙofa sai ga babanta, Baba Budimir, ya ɗora agogon gudun mota a kan kututture, guduma a hannunsa.

Na san agogon nan, Inna. Mako biyu na yi ina kallon hotonsa a waya. Akwai ɗan ƙarce a bakinsa kusa da tamanin, allurarsa kuma ta ɗan karkace. Shi ne wanda ya kuɓuce mana a gwanjon intanet.

Bari in koma baya, na fara miki daga tsakiya.

Maƙwabcinmu Baba Milutin shekararsa saba'in da shida. Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar mota yana ɗaura ƙofofi. Yana da ƙaramar mota ƙirar Fica, tsohuwar yayi, irin wadda ƙofofinta ke buɗewa ta gaba, a cikinta ya ɗauko matarsa Inna Desanka daga ƙauyensu ranar aure. Motar ta daɗe a jibge, ɓarayin ƙarfe sun taɓa shiga suka kwashe abin da ke kwancewa. Inna Desanka yanzu mantuwa ta cinye ta. Ba ta gane ɗanta, wani lokaci mijin ma "direba" take ce masa. Amma motar ba ta manta ba. Ta kan sa gyalenta, ta rungume jaka, ta shiga ta zauna a kujerar gaba, ta ce yaushe za a tashi, babarta na jira. Ɗansu zai zo daga Jamus farkon sanyi ya kai ta gidan kula da tsofaffi. Baba Milutin abu ɗaya yake so kafin nan, ya tuƙa ta zuwa ƙauyen sau ɗaya.

Ni na yi masa bodi, na tayar da inji. Saura ƙananan kaya. Sai dai tsohon nan yana da taurin kai irin na 'yan masana'anta: ko noti ba zai ɗaura ba in ba na shekarar motar ba ne. Na kawo masa kayan wadda ta biyo bayanta, ya juya su a hannu ya ce, "Yaro, wannan ai bayan mun fara lalacewa aka yi shi." Irin nasa kuwa sai a gwanjo. Shi bai iya waya ba, ni nake taya masa. Ina da haƙuri da abin. Ina bin hoto ɗaya ɗaya, in tambayi mai kaya lambar da ke bayan ƙarfe, in jira. Yawanci ranar Lahadi da yamma ake rufewa. Mu zauna a benci ni da shi, muna kan gaba, agogon gwanjon na sauka, shi yana riƙe da gwiwata. Saura daƙiƙa uku sai wani ya faɗo ya ɗara mu da ɗan abin da bai kai kuɗin kofi ba. Ba a ganin suna, harafi biyu ne da taurari. Sau bakwai. Baba Milutin ya sa masa suna Bajamushe. Sai ya cire hula ya share kai ya ce, "Ba komai, yaro, Bajamushen ma ƙila tsohuwa gare shi."

Yanzu ga inda nawa laifin yake. Kowace Lahadi a gidan su Tijana nake cin abincin rana kafin in wuce wurin Baba Milutin. Baba Budimir ya zuba mini barasarmu ta gida, rakiya, ya ce, "To suruki, yau me kum ɗina ke farauta? Har ina zai iya kaiwa, bawan Allah?" Ni kuma in zazzage masa komai, kayan, lokacin rufewa, da iyakar inda za mu tsaya. Na ɗauka tausayi ne. Ai kum ɗinsa ne, wato amininsa na gado. Tun kakanni gidan Budimir ke tsaya wa gidan Milutin a coci ranar aure, su ke raɗa wa 'ya'yansu suna. Wa zai zargi kum?

Kuma duk Litinin da safe Baba Budimir yana zuwa gidan Baba Milutin da burek, gurasar nan mai cuku, da zafinta a takarda. Tun daga ƙofa yake ɗaga murya. "Kum, ya aka kwashe da Bajamushenka? Ya sake yi maka tsirara? Kai da ka ɗaura wa ƙasa guda ƙofofi, ka rasa mariƙin ƙofa ɗaya!" Su yi dariya tare. Sannan ya sunkuya ya sumbaci hannun Inna Desanka ya ce, "Amarya, shirya jaka, yau za a tafi." Ranar ba ta fita daga motar sai an yi da gaske. Sau biyu na ga Baba Milutin ya kai mata miya can ciki yana ba ta a baki. Da ina ganin wasa ne marar kai. Yanzu na san ba wasa ba ne.

To na dawo rumfar. Da ya gan ni ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi, "A'a, suruki! Ka tsaya kamar an dasa ka. Zo riƙe min nan, zamewa yake yi."

Inna, na riƙe. Ban san me ya sa ba. Uban matar da zan aura ya ce riƙe, hannuna ya tafi da kansa. Ya sauke guduma sau uku. Gilashin ya yanke ni a babban yatsa, allurar ta yi tsalle ta faɗa cikin itace. Sai ya ɗauki gawar abin ya rataye a ƙusa. A nan na ga bangon. Fitilun baya a farfashe, mariƙan ƙofa an lanƙwasa su, madubi, tambarin gaba an raba shi biyu da zarto. Kowanne da ƙusarsa, a jere tsaf, kamar yadda ake rataye kayan aiki. Ƙusa ta takwas ba komai a kanta. Ya nuna ta da guduma ya ce, "Wannan ta Lahadin makon gobe ce."

Na ce, "Baba, me ya yi maka?"

Ya ce, "Kayana ne, da fanshona na saya. In na ga dama in gasa su da tattasai." Sai ya zauna a kan kututturen ya gaya mini. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ɗan Milutin ya yi aure, ya ɗauki wani abokin aikinsa a Jamus ya zama kum. Baba Budimir har kwat ya ɗinka. Aka zaunar da shi kusa da ƙofar kicin tare da makaɗa. "Kwalba ɗaya, suruki," in ji shi. "Abin da ya kamata ya yi ke nan, ya zo gidana da kwalba ɗaya, ya cire hula ya ce kum, ka sake mu, amma bai zo ba. Haka ake yi tun kafin a haifi ubansa. Shekara goma sha ɗaya ina sauraron ƙarar ƙofa. To shi ma ya ɗanɗana jira."

Na ce Inna Desanka fa, ita me ta yi? Ya yi dariya ya ce, "Ita ai kullum yau ne za a tafi. Wa ya kai ta jin daɗi?" Sannan ya ce in tsotse yatsana kada in ɓata itace, in kuma tuna a gidan wa zan riƙa cin abincin Lahadi har in mutu.

Abin da za a rufe ranar Lahadin nan sitiyari ne, fari, na ainihin shekarar, a hannun wani mutum a Slovenia. Ba na jin wani zai sake fitowa kafin sanyi. Baba Milutin ya sayar da amyoyin zumarsa dukansu saboda shi. Jiya ya ce mini, "Wannan karon Bajamushe zai san an yi ma'aikata a garin nan." Na kasa kallon idonsa, na ce walda ce ta shiga mini ido.

In na gaya masa, na kashe masa abokin shan kofi ɗaya da ya rage masa, kuma aurena ya tafi. In na yi shiru, ranar Lahadi zan zauna a benci yana riƙe da gwiwata, ina sane. Ban riga na faɗa wa Baba Budimir iyakarmu ba, amma zai tambaya da cokali a hannu.

Kada ki ce idona ne ya yi mini gizo, ba ni kaɗai na gani ba. Inna Stanojka, matarsa, tana tsaye da farantin tattasai, abin da ta ce kawai shi ne a share gilashin saboda kaji. Sai Tijana. Ita ta jawo ƙofar rumfar ta rufe don kada maƙwabta su ji ƙarar guduma. Kuma Inna, Baba Budimir ko saƙo bai iya buɗewa a waya ba. Ita ke karanta masa.

Mai walda, Kragujevac

*

Ɗana mai walda,

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa, kuma a ƙarshen ka ɓoye tambayarka ta gaskiya. Za mu zo kanta. Mu fara da abin da ba zai jira ba.

Ka fitar da motar nan daga gwanjo. Duk abin da aka kasa a bainar jama'a, mai ƙiyayya ya fi mai buƙata kuɗin saye, don shi ba ruwansa da ko abin ya dace. Sitiyarin Ficar da ta biyo bayanta yana hawa, kai ka sani. Ka je wurin masu tara tsofaffin motoci na garinku, a garin da aka ƙera ta ba za a rasa wanda zai ba da aro na kwana ɗaya ba. Ka ɗaura, ka duba birki sau biyu. In Milutin ya fara maganar shekara, ka ce masa Desanka ba za ta duba lambar bayan ƙarfe ba, kuma sanyi bai san shekarar mota ba. Taurin kansa ma ya ci Lahadi bakwai na matar nan, ka faɗa masa haka da ladabi. A tafi ƙauyen ranar Asabar. In sitiyarin Slovenia ya kuɓuce ranar Lahadi, ya kuɓuce, ƙusa ce kawai ta samu abin rataya.

Ciwon Budimir gaskiya ne. An wulaƙanta shi a gaban mutane, kuma Milutin ya ci masa haƙƙin kwalbar nan. Amma mutumin da ke jiran a nemi gafararsa yakan daina gaisuwa ne, ko ya faɗi abin da ke ransa. Wanda ke zuwa da burek ya ce wa mace marar lafiya ta shirya jaka ya daɗe da wuce jira, daɗin abin yake ji. Ba na so ka ɗauka kwalba za ta warkar da shi.

Milutin za ka gaya masa, amma bayan an dawo daga ƙauye. Ka bar masa ranarsa da tsabta. Idan za ka faɗa, ka fara da naka: bakinka a teburin Lahadi, da hannunka a kan kututture. Na farkon rashin sani ne, na biyun tsoro, kuma ba za ka daina jin yankan yatsan nan ba sai ka faɗe shi da bakinka. Zuwa gidan Budimir da kwalba ko ƙin zuwa, wannan nasa ne, kada ka zaɓa masa.

Yanzu Tijana. Kafin Asabar ka fita da ita inda babu uba babu uwa, ka tambaye ta kai tsaye ko ita ke dannawa saura daƙiƙa uku. Ka san amsar, yadda za ta ba ka ita nake so ka lura, tunda ido gare ka. Kai minti ɗaya ka yi a rumfar nan hannunka ya bi umarni, ita shekara ashirin da wani abu ta yi a gidan. In ta fashe da kuka, ko ta yi fushi da kanta, ka ce ta zo ranar Asabar ta riƙe wa Desanka jaka, ta kuma ce wa ubanta ta gama. In ta iya wannan, kana da mata. In kuwa ta ce maka ai tsofaffin ƙarafa ne kawai, to ka tuna Lahadi bakwai tana kallonka kana tashi daga tebur da murna za ka je taya wa tsoho, ta yi maka sai ka dawo, ta ɗauki waya. Fasa aure kafin Kirsimeti abin kunya ne na wata uku. Wata rana kai ma za ka yi wa gidan nan laifin da ba ka san ka yi ba, kuma ka ga bangon da idonka.

Ranar Lahadi ka ci abinci a gidanku. Allah ya sa motar ta tashi a bugu ɗaya, ya kai Desanka ƙofar babarta lafiya, kai kuma ya warkar maka da yatsa.

Inna Vukosava