Mijina Ya Musanya Tsofaffin Kuɗin Babana, Ni Kuma Na Rufa Masa Asiri

Barkanku da warhaka, masu kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don Allah a sakaya sunana. Ina roƙon ku, kafin wani ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni. Shawara nake nema.

Ni matar aure ce a Mubi, da yara uku. Asalinmu 'yan Sahuda ne, amma Babana ya daɗe da zama a cikin gari. Kashiya ne, mai riƙe kuɗi, a wani kamfanin sayen gyaɗa har ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi yake da wata ɗabi'a da mutane ke yi masa dariya a kanta: tara takardun kuɗi. Ba don ya kashe ba. Abin da ke burge shi shi ne sa hannun manyan babban banki da ke jikin kowace takarda. Ni da ku in muka karɓi naira, adadinta muke dubawa mu cusa a jaka. Shi kuwa sai ya ɗaga ta sama ya ga wa ya sa mata hannu. Yakan ce takardu biyu za su iya zama iri ɗaya sak, launi ɗaya, hoto ɗaya, amma ɗaya ko'ina ana samunta, ɗayar kuwa sai an sha wuya, saboda wanda ya sa mata hannu bai daɗe a kujerar ba. Yana da na zamanin fam, yana da tsofaffin naira da aka daina karɓa tun kafin a haife ni, har da sefa da yake samowa wurin 'yan canji a kasuwar shanu. Duk ya jera su a cikin manyan albam na hoto, kowace a ledarta. Har sunaye ya raɗa wa sa hannun bisa kamanninsu. Akwai Jelar Kunama, akwai Ƙafar Kaza, akwai wanda yake kira Baƙo, wai don mai shi ya zo ya tafi ba a gama gaisawa ba. Shekarar da 'yan ta'adda suka shigo garin Mubi ya watse muka hau duwatsu da ƙafa, Baba ko rigar canji bai ɗauka ba, albam ɗin nan ya goya a baya kamar jariri, marigayiya Mama tana ta yi masa faɗa a hanya.

Mu 'ya'yansa babu wanda ya damu da abin. In ya fara bayani sai kowa ya nemi hanyar zamewa. Mijina ne kaɗai ya zauna ya saurare shi. Ɗan Muchalla ne, yana da shagon gyaran waya, kuma tun yana nemana yake zama da Baba a kan tabarma suna buɗe albam. Baba ya koya masa komai, wace ce mai wuyar samu, wace ce ta gama-gari, yadda ake riƙe takarda a gefe don kada gumin hannu ya ɓata ta. Bai taɓa kiransa suruki ba, “ɗana” yake ce masa. Da yanar ido ta rufe wa Baba idanu, har ya zama launi kawai yake gani dishi-dishi, sai mijina ya zama idonsa. Kowace Lahadi in mun taso daga coci sai mu wuce gidan, ni ina kicin, su suna falo, ina jin Baba yana cewa, “Buɗe na gaba, ɗana. Baƙo yana nan?” Shi kuma ya ce, “Yana nan, Baba, lafiyarsa ƙalau.” Su yi dariya. Ni kuma ina murza daddawa ina gode wa Allah da ya ba ni miji mai son ubana. Wace mace ce ba za ta gode ba?

Wata Lahadi mijina ya tafi Sorau gaisuwar rasuwa, na je gidan Baba ni da yara. Bayan mun ci abinci ya ce, “Yau ke za ki zama ido na. Ɗauko albam mai jan bango.” Na ɗauko, na buɗe inda ya ce. Ya sa yatsa a kan ledar wata tsohuwar naira ɗaya, ya ce, “Duba ƙasa. Kin ga yadda ƙarshen sa hannun ya lanƙwasa sama kamar kunama za ta yi harbi?” Na duba. Babu wata jela. Sa hannun a miƙe yake, gajere. Na ɗauka ni ce ban iya dubawa ba, sai na ce, “Eh, Baba, na gani.” Ya ji daɗi, ya ba ni labarin yadda ya samo ta wurin wani Bafulatani a bakin mayo, wato kogi, ya ba shi sabon takalmin roba a madadinta. Muka wuce ta gaba. Ya kwatanta, na duba, ba shi ba ne. Muka kai kan Baƙo, wanda tun ina yarinya na san shi don Baba ya sha nuna mana, wani dogon zane mai ɗigo biyu a sama. Takardar tana nan, launinta ɗaya, tsufanta ɗaya, amma sa hannun wani ne daban. Na sake dubawa da kyau. Baba ya ce, “Kin yi shiru. Yana nan?” Jama'a, na buɗe bakin nan nawa na ce wa ubana makaho, “Yana nan, Baba.” Me ya sa na faɗi haka? Har yau ina tambayar kaina. Ina jin tun a lokacin zuciyata ta riga ta san hannun wa ke ciki, tsoro ne ya riga ni magana.

Washegari da safe, mijina yana wanka, na ɗauki wayarsa, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ban sha wahalar nema ba. Ga hotunan takardun Baba, an shimfiɗa su a kan zanen gadonmu, zanen da ni na saya da hannuna. Ga hirarsa da wani mutum a Legas mai sayen irin waɗannan kuɗi, yana turo masa saƙo, wai in akwai mai sa hannu kaza ya kawo, zai saya da daraja. Mutumin ne ma yake aiko masa da masu araha, iri ɗaya amma masu sa hannun gama-gari, don ya mayar a gurbinsu. A wani wuri mijina ya rubuta da Turanci cewa tsohon ba ya gani, ba zai taɓa sani ba, har da hoton fuska mai dariya.

Da ya fito na miƙa masa wayar. Na zaci zai durƙusa, ko ya yi musu ma, da na fi jin sauƙi. Sai ya ci gaba da shafa mai, ya ce, “To, kin gani. Sai me?” Na ce, “Baban yara, Baba ne fa. Mutumin da yake ce maka ɗana.” Ya ce, “Na ɗauke masa wani abu da yake amfani da shi ne? Takarda tana nan, yana shafa ta, yana jin daɗinsa. Wanda ba ya gani me zai yi da sa hannu? In ya mutu yayyenki a shara za su zuba su.” Sannan ya nuna mini ƙofar falo ya ce, “Firizar da kike sayar da ƙanƙara da zoɓo, da solar da ke kanta, daga ina kike tsammani suka fito? Gyaran waya?” Na rasa inda zan sa kaina. Firizar nan da ya kawo mini bara, na yi rawa a tsakar gida, na tashi a gaban jama'a a coci na ba da shaida cewa Allah ya buɗe wa mijina hanya. Baba da kansa ya sa masa albarka a kanta. Ashe abin da ubana ya goya a bayansa ya hau dutse da shi ne nake daskarar da ruwa a ciki.

Amma wallahi duk wannan bai ƙona ni kamar abin da na tuna daga baya ba. Tun bara likita ya ce idon Baba zai gyaru in an yi masa aiki, ƙaramin aiki ne. Yayana da ke Yola ya ce a yi. Mijina ne ya tsaya kai da fata ya ce kada a taɓa. Ya ce Baba ya tsufa, ga hawan jini, ya ce ya san wani da aka yi wa ya rasa idon gaba ɗaya. Har ƙwalla na gani a idonsa ranar. Ni na yarda, ni na kira yayana na yi masa faɗa, na ce yana so ya yi kasada da ran tsoho. Da bakina na hana ubana ganin jikokinsa shekara guda, ina tsammanin ƙauna ce. Da na tambayi mijina ko saboda albam ne ya hana, sai ya ɗauki makullin shago ya fita. Wane irin mutum nake kwana da shi a ɗaki ɗaya? Zaman da yake yi a kan tabarmar nan tun muna saurayi da budurwa, akwai ranar da na gaskiya ne, ko tun farko lissafi yake yi?

Laifina kuma bai tsaya a ranar farko ba. Lahadi nawa ke nan muna zuwa, ina jin su daga kicin, “Yana nan?” “Yana nan, Baba.” Ina ji, ina shiru, ina zuba musu abinci. Na roƙi mijina ya dawo da takardun, ya ce mutumin ya riga ya sayar wa wasu, har da na ƙasar waje, ko da kuɗi ba za a same su ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa in na tona, zai ce tare muka yi, ga firiza shaida, ga shi kuma da bakina na gaya masa ni ma na duba na ce wa Baba suna nan.

Yanzu yayana ya gaji da jira, ya biya kuɗin aikin, an sa rana a wata mai kamawa. Zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya: da na ji labarin, kafin murna ta zo, faɗuwar gaba ce ta fara zuwa. 'Yar da aka ce mata ubanta zai sake gani, gabanta ya faɗi!

Shekaranjiya na kai masa kunu ni kaɗai. Ya kama hannuna, ya juya harshe zuwa yarenmu na Gude, wanda ba ya yi sai magana ta kai masa zuci. Ya ce in idonsa ya buɗe zai yi godiya a coci, kuma a ranar, a gaban fasto da dangi, zai miƙa wa mijina albam ɗin duka, tun yana da rai, don kada yayyena su yi masa gardama bayan ransa. Ya ce, “A cikin ku duka shi kaɗai ya san darajar abin nan. Kada ki gaya masa, ina so ya yi mamaki.” Yana murmushi. Na ce to, na fita bayan ɗaki na yi kuka na wanke fuska na dawo.

In na gaya wa Baba kafin aikin, ina tsoron jininsa ya hau a fasa, ko abin da ya fi haka ya faru. In na bari, da idonsa zai gani, kuma zai tuna cewa ni ma ya tambaye ni. In na gaya wa yayana, na san zuciyarsa, ranar 'yan sanda za su shiga maganar, uban 'ya'yana ne kuma za a tafi da shi. In na yi shiru, na zama abokiyar ɓarawon ubana har abada. Ko kallon mijina ba na iya yi, shi kuwa yana cin abincinsa yana barcinsa.

Don girman Allah, iyaye da 'yan'uwa, ku dube ni kamar 'yarku ko ƙanwarku. Me zan yi?