Asusun Baba Fanka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan maigidanki.

Ba ki san ni ba. Ni ne mai kula da zauren masu gyaran kwamfuta da marigayin ya kafa a intanet. Baba Fanka muke kiransa, don duk matsalar da aka kawo masa, sai ya fara tambaya ko an goge ƙurar fanka. Ni kuwa Mai Tsintsiya suke ce mini, saboda share rubutun banza ne aikina. Ni na rufe asusunsa na zauren ranar Laraba.

Wata huɗu da rasuwarsa, kwatsam sai ga rubutu da sunansa, ana tambayar yadda za a kwashe abin da ke cikin kwamfutarsa. Na ɗauka wani ne ya sace asusun. Na rufe, na kuma rubuta maganganun da ba zan iya maimaitawa ba. Sai jiya maƙwabcin shagonsa, mai sayar da kayan gyara, ya gaya mini ke ce, wai muryarsa kike nema a ciki. Wallahi abinci ma ya gagare ni. Takarda na rubuto don ina jin nauyin neman gafara ta inda na ci mutuncinki.

A rubutun kin ce faifan ajiyar kwamfutar yana ƙas-ƙas. Don Allah kada ki ƙara kunna ta, kowace kunnawa tana rage masa kwana. Ki ba maƙwabcin ya kawo mini, in kin yarda da ni.

Ƙaninki mai laifi,
Mai Tsintsiya

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya yara, ya kuma jikin autarki da aka ce mura ta kama? Na gode da kika aiko, har kika naɗe faifan a tawul kamar jariri.

Zaure ya kwana uku yana kacaniya. 'Yan wasan kwamfuta suka ce a raba wa kowa wasannin da marigayin ya tara a faifan. Manya suka ce ai shi da kansa ya hana rarraba kayan da ba namu ba. Wani ya ce a ƙwace tsintsiyar daga hannuna, ban ga laifinsa ba. Da na bayyana cewa faifan na iya mutuwa kafin a gama gardamar, sai aka koma neman mafita. Wanda ya fi zagina shi ya aiko da na'urar kwafi, wata mai gyara kuma ta wuni tana nuna mini hanya ta waya.

Ana tsakiyar aiki faifan ya tsaya. Wasannin duk sun tafi. Amma tun farko mai gyaran nan ta ba ni shawarar in fara da muryoyin, don haka darussan gyara sittin da ɗaya da ya naɗa sun tsira. An amince babu mai jin su sai da izininki. Na kuma buɗe asusun, naki ne.

Guda ɗaya na saurara don in tabbatar yana aiki, ki yafe mini. Ki fara da shi, shi ne darasi na tara. Yana cikin bayani sai aka ji kin kira shi cin abinci. Ya yi dariya, ya ce wa masu sauraro su yi haƙuri, mai zauren ta gaskiya ta yi kira, ya tashi bai ko kashe na'urar ba. Da sauran minti ashirin a naɗin, sai na fara jin hirarku daga nesa. Nan na cire abin sauraron daga kunnena.

Ƙaninki,
Mai Tsintsiya